Harafi mai gwaɓi, mai karkata, marar ƙafa: wanne za ka ɗauka, yaushe kuma za ka ƙyale shi?

Maɓallai biyu ne maƙwabtan juna a saman kusan kowace manhajar rubutu: B da I. Ka danna na farko harafi ya yi gwaɓi, ka danna na biyu ya karkata dama kamar mai shirin zabura da gudu. In ka danna su tare a kan Arial ko Calibri, ka sami abin da masu zanen haruffa ke kira bold italic sans serif, wato harafi mai gwaɓi, mai karkata, wanda ba shi da 'yan ƙafafun nan da ake gani a bakin sandunan Times New Roman. Saboda dannawar ba ta da wuya, mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne ko'ina. Ba haka ba ne. Iri huɗu ne ke yawo da wannan kama, biyu na gaske, biyu na jabu. Kafin ma a kai ga zaɓe a tsakaninsu akwai tambayar da ta riga su: aikin da ke gabanka yana bukatarsa kuwa?

Siffofin nan uku ba rana ɗaya aka haife su ba. Karkataccen harafi ya fito ne a birnin Benis na Italiya a 1501, sa'ad da Aldus Manutius ya sa Francesco Griffo ya sassaƙa masa haruffa masu kwaikwayon rubutun hannu don buga ƙananan littattafai. Da shi ake buga littafi sukutum a lokacin, babu ruwansa da jaddada wata kalma. Marar ƙafa sai a 1816 ya leƙo, a kundin samfurin William Caslon na huɗu a Landan, shi ma manyan baƙaƙe zalla. Gwaɓi kuwa masu talla na ƙarni na 19 ne suka raine shi, don takardar sanarwa ta kira mai wucewa daga nesa. Tara su a gida ɗaya aikin ƙarni na 20 ne. Lokacin da Adrian Frutiger ya fitar da Univers a 1957, iri 21 ya tsara, ya ba kowanne lamba: 55 tsayayye, 56 karkatacce, 65 mai gwaɓi, 66 mai gwaɓi kuma karkatacce. Na 66 ɗin nan shi ne abin zancenmu.

Dalilin da ya sa na bi ta tarihin shi ne, har yau kowace siffa aikin da aka haife ta dominsa take yi. Gwaɓi daga nesa yake aiki. Ka riƙe shafi ka miƙe hannu, kafin ka karanta ko kalma ɗaya idonka ya riga ya sauka a kan baƙin tabon. Karkata ba ta haka. Ba ta kiran kowa, sai kana cikin karatu ka iso kanta ka ji murya ta sauya, kamar mai magana ya ɗan rage sauti ya matso kusa. Saboda haka in abin da kake so shi ne mai duba shafi ya gano gargaɗi ko ranar rufe rajista nan take, gwaɓi tsayayye ya ishe ka. In sunan mujalla ne ko baƙuwar kalma a tsakiyar jimla, siririn karkatacce ya wadatar. Wanda ya haɗa biyun a irin waɗannan wurare ya yi kira biyu ga mutumin da ke zaune kusa da shi.

To ina haɗin yake da rana? Inda ake son ƙarfi da motsi lokaci guda, a kalmomi kaɗan. Dubi tambarin DHL, ko na Visa, ko sunan Nike da ke zaune bisa alamarsa: duk masu kauri ne, marasa ƙafa, sun jingina dama. Tunda rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, harafin da ya karkata can sai ya zama kamar ya riga ka yin gaba. Shi ya sa kamfanonin aika kaya, rigunan wasanni, gasar tseren motoci da kanun talla suke ƙaunarsa.

Amma ga wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Harafin da ke kama da gudu, ba shi ake ba mai gudu ya karanta ba. Allunan hanya na Birtaniya da salon Transport ake rubuta su, wanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana. Na Jamus kuma da DIN 1451. Dukansu a tsaye suke ƙyam. Direban da ke da daƙiƙa biyu ya gane sunan gari ba ya bukatar a nuna masa hoton sauri, so yake ya ga ramin a da na e a buɗe. Gwaɓi yana cinye waɗannan ramuka, karkata kuma ta matse abin da ya rage. A babban kanu ba a jin wannan asara. A sakin layi guda cur mai ƙananan haruffa, layi na uku ido ya fara gajiya. Ƙungiyar da ke kula da masu lalurar wahalar karatu ta Birtaniya ma shawarar da take bayarwa ke nan: a guji karkatacce da jan layi a ƙasa, a jaddada da gwaɓi kawai. Ni ma'aunina, in abin ya wuce layi biyu, na sauke ɗaya daga cikin biyun.

Mu ce ka auna, ka ga kana bukatarsa. Nan ne zaɓen gaske yake farawa, tsakanin na gaske guda biyu.

Na farko shi ne wanda aka kishingiɗar kawai. Mai zane ya ɗauki harafin tsaye, ya jingina shi, ya bi da hannu ya gyara inda ya lalace, amma surar ba ta canja ba. Irinsa ne ake yawan liƙa wa sunan Oblique. Helvetica, wadda Max Miedinger ya zana tare da Eduard Hoffmann a Suwizalan a 1957, haka nata yake, karkatar digiri 12. Arial na 1982 ma haka, ko da yake Italic aka rubuta a jikinsa. Verdana na Matthew Carter da Roboto na wayoyin Android duk layi ɗaya suke. Univers na asali ya fi su kwanciya, digiri 16, shi ya sa ya fi su alamar gaggawa. Sarkin wannan ɓangare dai Futura ne, na Paul Renner, 1927. Da'ira da miƙaƙƙen layi aka gina shi da su, in ya yi gwaɓi ya jingina sai ya zama kamar umarni. Mai zane 'yar Amurka Barbara Kruger ta yi suna da fararen haruffan Futura Bold Oblique a kan jan fili bisa hotuna baƙi da fari, kuma tambarin kamfanin tufafi na Supreme da irin wannan shiga ya fito. Duk wanda ya sa farin Futura karkatacce a kan ja yau, ya sani mutane za su tuna da waɗannan biyun, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Na biyu shi ne wanda aka sake zanawa daga tushe, yana bin sawun alƙalami, ɗan'uwan rubutun tsutsa. Gane shi ba wuya. Rubuta kalmar "fatake" ka karkatar. In a ɗin ta ajiye rufinta mai hawa biyu ta koma ƙwallo da sanda kamar yadda yaro ke rubuta ta a littafinsa, e ta yi laushi, f kuma wataƙila ta zuro ƙafa ƙasa da layi, to na biyun ne. Gill Sans na Eric Gill, 1928, yana cikin na farkon marasa ƙafa da suka bi wannan hanya. Myriad na Adobe, Trebuchet MS na Vincent Connare, Calibri na Lucas de Groot da Open Sans na Steve Matteson duk nan suke. Har salon da ke ɗauke da sunan Frutiger kansa, wanda ya fito a 1976 da kishingiɗaɗɗe, da aka sabunta shi a 2000 da sunan Frutiger Next sai aka ba shi mai bin alƙalami.

Wanne ya fi? Ya danganta da inda zai zauna, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba. In kalmar ita kaɗai ce a fili, babba, musamman da manyan baƙaƙe, kishingiɗaɗɗe ya fi. Manyan baƙaƙe dama ba su da wata surar alƙalami da za su koma, kuma tsaurin Futura ko Helvetica shi ne abin da ake nema a tambari. Laushin Calibri mai gwaɓi karkatacce a kan motar tsere abin dariya zai zama, kamar an rubuta "a yi hattara" da murmushi. In kuwa kalmar a cikin rubutu za ta zauna, tana kewaye da tsayayyun 'yan'uwanta, mai bin alƙalami ya yi masa nisa. Ga misali: kanun labari duka mai gwaɓi ne, a ciki kuma akwai sunan jarida da dole a karkatar. A Arial, bambancin digiri 12 ne kawai, a ƙaramin allon waya yana iya wucewa ba a lura ba. A Open Sans surar a da f ta sauya, ido ya kama ko da karkatar ba ta fito sosai ba. Wannan, a gaskiya, shi ne aikin da ya fi halatta ga harafin nan gaba ɗaya, kuma ba a cika ambatonsa ba: karkata a cikin abin da dama mai gwaɓi ne. A nan ba ado ba ne, larura ce.

Akwai kuma batun faɗi. Mai bin alƙalami yakan fi tsayayyensa matsewa kaɗan, kishingiɗaɗɗe kuwa yawanci faɗinsa ɗaya da na tsaye. In kana cusa rubutu a ƙaramin akwati, wannan ɗan bambancin yana iya hana kalmar ƙarshe faɗawa sabon layi.

Yanzu jabun farko, wanda ni kaina ya taɓa cin kasuwata. Cikakken gidan salo fayil huɗu ne: na tsaye, karkatacce, mai gwaɓi, da mai gwaɓi karkatacce. In na huɗun babu shi a kwamfutarka ka danna B da I, manhajoji da yawa ba za su ce maka komai ba. Za su ɗauki abin da suka samu su ture shi gefe da lissafi, in gwaɓin ma babu su shafa masa kauri a kewaye. Na taɓa tsara babban kyallen sanarwa da wani salo da na sauko da shi, ban duba cewa fayil ɗaya tak gare shi ba. A allo ya yi kyau. Da aka buga shi, kowane harafi ya kusa tsawon hannu, sai na tsaya gaban O ina kallo. Kafaɗarta ta hagu daga sama da ƙugunta na dama daga ƙasa sun rame, sauran kusurwoyin biyu sun kumbura, ta zama kamar ƙwan da aka zauna a kai. X kuma ƙafa ɗaya siririya, ɗaya jibgegiya. Ramin e ya kusa toshewa saboda kaurin da aka shafa ya ci ciki da waje daidai wa daida. Ba laifin mai bugawa ba ne, abin da na ba shi ya buga.

Abin da ya faru lissafi ne tsagwaronsa. In ka ture sura dama, duk layin da dama ya jingina dama zai ƙara tsawo ya sirance, wanda ya jingina hagu ya gajarce ya yi kauri. Ƙwararren mai zanen haruffa ya san haka, shi ya sa yake bin lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya yana mayar da nauyi inda ya gudu. Manhaja ba ta yin wannan. Don haka kada a rikita kishingiɗaɗɗe na gaske da na turi. Daga nesa suna kama, amma kama da wane ba ta wane. Hanyar kauce masa ita ce ka buɗe jerin salon ka ga Bold Italic ko Bold Oblique a rubuce da sunansa kafin ka taɓa maɓalli. Mai gina shafin intanet kuma ya tabbata ya ɗora fayil mai nauyin 700 karkatacce, domin burauza ma tana yin wannan turin a ɓoye; akwai umarnin font-synthesis da ke hana ta.

Jabu na biyu ya fi yaɗuwa a yanzu, kuma ya fi ɓarna. Shi ne haruffan nan da ake kwafowa daga shafukan "ƙawata rubutu" a liƙa a sunan Facebook ko bayanin kai na Instagram, su fito da gwaɓi a karkace a wurin da babu maɓallin B ko I. Waɗannan ba salo ba ne sam. Alamomin lissafi ne. A 2001, cikin bugu na 3.1 na Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura, aka ware wani rukuni don masana lissafi da kimiyya, saboda a wurinsu A tsayayya da A mai gwaɓi karkatacciya abubuwa biyu ne daban. Ƙa'idar ISO 80000-2 ma ta tanadi mai gwaɓi karkatacce marar ƙafa don rubuta wani nau'in adadi na lissafi da ake kira tensa. Babbar A ta wannan jeri lambarta U+1D63C, alhali A ta kullum U+0041 ce. A idonka A ce, a wurin na'ura ba su haɗa komai ba.

Sakamakon yana da yawa. Wanda ya nemi sunanka da haruffan kullum yana iya rasa ka. Manhajar da ke karanta wa makafi allo ko dai ta tsallake kalmar gaba ɗaya, ko ta bi harafi ɗaya ɗaya tana kiran dogon sunansa na lissafi, har jimla mai kalma biyar ta zama azaba. Tsohuwar waya ta nuna akwatuna. Sannan jerin na boko haruffa 52 ne kacal, manya 26 ƙanana 26; babu lambobi a wannan salon, babu harafi mai lanƙwasa ko mai ɗigo. Gwada liƙa "ƙarfi" a irin wannan shafi ka gani: "arfi" za su fito da kauri sun jingina, ƙ kuwa ta tsaya a gaba siririya ita kaɗai, kamar baƙuwar da ba a ba wa wurin zama ba. Masu wayo sai su cire lanƙwasar don kwalliya ta daidaita, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Kyan ɗan maciji ke nan. A WhatsApp ma babu dalilin wahalar: ka kewaye kalma da tauraro (*) ta yi gwaɓi, ka ƙara jan ƙasa (_) a ciki ta karkata, kuma haruffan suna nan na gaske, ana iya nemansu, ana iya karanta su.

Zancen lanƙwasa bai tsaya ga jabu ba. Salo na gaske ma yana iya zuwa da ɓ, ɗ, ƙ a fayil ɗin tsaye ya rasa su a mai gwaɓi karkatacce, ko ya rasa su duka, manhaja ta aro daga wani gida ba ta faɗa maka ba. Noto Sans na Google da Andika na SIL an gina su ne don harsuna masu yawa, suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. Futura da Helvetica da Univers na sayarwa ne, kuma bugunsu iri-iri ne, saboda haka sai ka gwada wanda ke hannunka. Ko harafin yana nan, ka ƙanƙanta shi ka duba: a gwaɓi, ƙugiyar ɗ tana iya manne wa harafin da ke biye, ta ɓ kuma ta dunƙule ta zama ɗigo. Ni da "ɗaɗɗaɓa" da "ƙuƙƙulle" nake gwaji, in suka fita sarai sauran ba za su ba da matsala ba.

Sauran 'yan abubuwa ne na hannu. Harafi karkatacce yana leƙa gidan maƙwabci, don haka f ko d ta ƙarshe takan yi karo da baka ko alamar tambaya tsayayya. Karkatar da alamar tare da kalmar, ko ka ɗan buɗa tsakaninsu. Kalma karkatacciya a cikin akwati mai kusurwa huɗu takan yi kamar ta zame dama ko da lissafi ya ce tana tsakiya, sai ka ɗan ja ta hagu da ido. Manyan baƙaƙe masu gwaɓi suna son a ɗan sassauta tazararsu, ƙanana ba sa so. Ja layi a ƙarƙashinsa kuwa, bayan gwaɓi da karkata, kira na uku ke nan, kuma a intanet za a ɗauka mahaɗi ne a yi ta dannawa.

Ga yadda nake yi in aiki ya zo. Tambari, lambar riga, kanun talla mai kalma uku ko huɗu: kishingiɗaɗɗe na gaske, Futura in ana son kaifi, Helvetica ko Univers in ana son natsuwa, Jost in ana son mai kama da Futura na kyauta. Rahoto, littafin koyarwa, shafin intanet mai dogon karatu: gidan da ke da mai bin alƙalami, Open Sans ko Noto Sans, kuma mai gwaɓi karkataccen ya zauna a benci sai an kira shi. A wani rahoto mai shafi 40 da na tsara kwanan baya, manyan kanu gwaɓi tsayayye na ba su, matsakaita ma haka amma ƙanana, bayanin hotuna siririn karkatacce. Mai gwaɓi karkatacce sau biyu ya fito a duk rahoton, duka biyun sunan wata mujalla ne da ya faɗo a cikin kanu.